Faransanci a Soro, Filamanci a Madafa

A cikin shekarar 1872 wani ɗan ƙwadago mai suna Jozef Schoep, mazaunin Molenbeek a gefen birnin Burusel, ya tafi ofishin gunduma don ya shaida wa hukuma an yi masa ƙaruwa, kamar yadda dokar ƙasar Beljiyam ta wajabta wa kowane uba. Ya yi bayaninsa da harshen da ya sha a nono, watau Filamanci, ya nemi a rubuta takardar haihuwar ɗansa da shi. Ma'aikatan ofis suka ce irin wannan takarda ba a rubuta ta sai da Faransanci, uban yaro kuwa ya kafe a kan ba zai yarda da haka ba, har magana ta kai gaban alƙali, aka ci shi tara bisa laifin ƙin shaida haihuwa. Abin da ya sa na fara da wannan ƙissa shi ne, mutumin nan ba baƙo ba ne da ya sauka daga jirgi jiya. Ɗan ƙasa ne, harshen da ya yi magana da shi kuwa shi ne na mafi yawan jama'ar Beljiyam a wannan zamani, amma duk da haka sai da ya zama bare a gaban teburin hukumarsa. Duk wanda ke son ya fahimci abin da Bafilame yake ji a ransa sa'ad da ya zauna koyon Faransanci, da irin bambance-bambancen ta'ada da idonsa ke faɗawa a kai, to, daga gaban wannan tebur ya kamata ya ɗauko zaren.

Beljiyam ƙaramar ƙasa ce, faɗinta bai wuce murabba'in kilomita dubu 30 da 'yan kai ba, amma akwai wata iyaka wadda ba kogi ba ce ba dutse ba, ta ratsa ta daga yamma zuwa gabas tun bayan rushewar daular Rum, ta kuma yi ɗaruruwan shekaru ba ta gusa ba sai kaɗan. A arewa da ita Filamawa suke, harshensu ɗaya ne da na mutanen Holan, a rubuce Holanci ne, a baki kuwa kowane gari da karinsa. A kudu Walonawa suke, waɗanda kakanninsu ke magana da wasu karin harsuna 'yan uwan Faransanci. Birnin Burusel yana arewa da wannan iyaka, a cikin ƙasar Filamawa, sunansa ma daga tsohon Holanci ya fito, Broekzele, ma'anarsa mazauni a cikin fadama.

To, ta ina Faransanci ya shigo? Ta fada ya shigo, ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Tun ƙarni na 15, sa'ad da sarakunan Burgundi suka mallaki waɗannan ƙasashe suka mai da Burusel ɗaya daga cikin mazaunansu, harshen fada ya zama Faransanci, kuma da mulki ya koma hannun gidan Habsburg, na Sifen da fari sa'an nan na Ostiriya, fadawa da hakimai ba su sake shi ba. A ƙarni na 18 kuwa, lokacin da Faransanci ya zama luggar masu ilmi da masu sarauta tun daga Faris har Rasha, attajiran Gent da Antwerpen da Burusel suka ga babu abin da zai ɗaga martabar 'ya'yansu kamar su iya shi. Har wani lauya mazaunin Burusel, Jan Baptist Verlooy, ya wallafa risala a 1788 yana kukan yadda mutanen ƙasarsa suke wulakanta harshen iyayensu. Kukansa bai tsai da kome ba, domin a 1795 Faransa ta haɗiye ƙasar baki ɗaya, ta yi shekara kusan 20 tana gudanar da shari'a da sha'anin mulki da harshenta. Bayan faɗuwar Napoleon aka haɗa Beljiyam da Holan a 1815 ƙarƙashin Sarki Willem na Ɗaya, wanda ya yi ƙoƙarin mai da Holanci harshen hukuma a lardunan Filamawa, amma manyan gari da suka riga suka narke cikin Faransanci suka ɗauki haka a kan zalunci, limaman Katolika da yawa kuma suna ƙyamar Holancin littafi saboda suna ganinsa harshen 'yan Furotesta; wannan na daga cikin abubuwan da suka hura wutar tawayen 1830 wanda ya haifi Beljiyam ta yanzu.

Kundin tsarin mulki na 1831 ya ce kowa yana da 'yancin amfani da harshen da ya ga dama. Magana ce mai kyau a takarda, sai dai alƙali da magatakarda da hafsan soja su ma suna cikin wannan “kowa”, kuma Faransanci suka ga dama. Masu ikon jefa ƙuri'a kuwa, da yake sai mai biyan haraji mai kauri, ba su wuce misalin mutum ɗaya cikin ɗari ba, kusan dukkansu masu jin Faransanci, ko a arewa ko a kudu. Alhali ƙidayar 1846 ta nuna kimanin kashi 57 cikin ɗari na jama'ar ƙasa Filamanci suke yi, a cikin birnin Burusel kansa kuwa wajen kashi 60. Ashe ke nan bayan iyakar da ta ratsa ƙasa akwai wata iyaka ta biyu da ta ratsa kowane garin Filamawa, ta raba mai riga da mai taguwa, har jama'a suka riƙa cewa Faransanci na ɗakin baƙi ne, Filamanci na madafa.

Sai yunwa ta zo ta ƙarasa abin da mulki ya fara. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankali, wanda shi ne tuwon talakan Filamawa, a daidai lokacin da zaren inji na Ingila ya karya sana'ar kaɗi da saƙar lilin wadda ƙauyuka suka dogara da ita. Mutane suka yi ta mutuwa da yunwa da zazzaɓi, waɗanda suka tsira suka kama hanyar cin rani da ƙaura, wasu zuwa ramukan kwal da maƙerun ƙarfe na Charleroi da Liège, wasu zuwa masaƙun Roubaix da Lille a arewacin Faransa, wasu zuwa Burusel. Duk inda suka dosa, mai biyan lada da Faransanci yake magana.

Mu ƙaddara yarinya 'yar shekara 15 da aka kawo daga ƙauye aikatau gidan wani attajiri a Burusel, domin irinta sun yi dubbai. Darasinta na farko ba ta same shi a littafi ba. A ƙauyensu kalma ɗaya gare su ta kiran abokin magana, gij, da ita za ta yi wa ƙanenta magana, da ita za ta yi wa mahaifinta, da ita kuma take kiran Ubangiji a cikin addu'a. Faransanci kuwa ya raba lamirin gida biyu, tu domin yaro da aboki da na ƙasa, vous domin babba da baƙo, kamar dai yadda mu Hausawa muke ce wa dattijo “ku” ko da shi kaɗai ne. Saboda haka tun ba ta buɗe baki ba wajibi ne ta auna darajar wanda ke gabanta, ta kuma san tata. A manyan gidaje ma vous ɗin bai isa ba, sai bara ya yi wa uwar gida magana kamar ba ta wurin, ya ce Madam tana son kaza, ko abincin Madam ya sauka. Sunanta kansa yakan sake kama, Mieke ta koma Marie, Jan ya koma Jean. Ta baro gidan da ake zama a kewaye tukunya ɗaya ta dankali ko kunun madara da baƙin burodi, ta tarar da tebur inda abinci ke zuwa kashi kashi, kowane da farantinsa da cokalinsa da sunansa, sunayen kuwa duk na Faransanci ne, babu ko ɗaya da za ta iya kai wa uwarta da harshen gida. Ta haka kowace kalma da ta koya takan zo mata ɗauke da ladabinta, kowane ladabi kuma yana tuna mata cewa abin da aka koya mata a gida ƙauyanci ne.

Nahawun kansa yana da nasa abubuwan mamaki. Bafilame in zai ce ashirin da ɗaya sai ya fara da ɗayan, ya ce ɗaya da ashirin, daidai da ƙa'idar Larabci wadda kowane almajiri ya sani. Faransanci kuwa goman yake gabatarwa, don haka sabon mai koyo yakan ji 45 ya rubuta 54, kuskuren da ba ƙarami ba ne ga wanda aka aika kasuwa da kuɗin wani. In ya kai tamanin sai a ce masa sunanta “ashirin huɗu”, in kuma ƙwadago ya kai shi cikin Faransa sai ya tarar su saba'in “sittin da goma” suke ce mata, tis'in kuwa “ashirin huɗu da goma”, alhali a Beljiyam septante da nonante ya koya. A Holanci fi'ili yakan jira sai ƙarshen jumla a wurare da yawa, mai sauraro ya yi haƙuri har mai magana ya sauke. A Faransanci fi'ili na biye da mai aikatawa, magana tana gudu, baƙaƙe da yawa ana rubuta su ba a furta su, ƙarshen kalma yana manne da farkon ta gaba har kunnen baƙo ya rasa inda ɗaya ta tsaya. Garuruwa ma suna biyu gare su: wanda ya ce zai tafi Bergen sai ya tarar an rubuta Mons, Luik ita ce Liège, Doornik ita ce Tournai, Rijsel ita ce Lille.

Wanda ya tafi ramin kwal kuwa wani bambanci ya gani, mai taɓa zuciya fiye da na cokali. Ya fito daga ƙauyen da limamin coci ne jagora a kan kome, daga suna har jana'iza, ya shiga garin da ƙungiyar ƙwadago da 'yan gurguzu suke da ƙarfi, inda ake yajin aiki, inda yakan ga an kai gawa kabari babu limami. Su kuma Walonawa suna ganinsa mai karɓar lada kaɗan, har sunan ƙabilarsa ya zama abin ba'a a wasanninsu. Abin da shi bai lura da shi ba, kuma ya kamata a yi wa Walonawa adalci a kai, shi ne su ma nasu karin harshe na gida Faransancin makaranta yana cinye shi a hankali, har yau ya kusa ɓacewa.

A makaranta ne abin ya fi ciwo. A kwalejoji da yawa na ƙasar Filamawa, musamman na limaman Katolika, akwai wata alama da ake kira signum. Yaron da aka ji ya yi Filamanci a filin wasa sai a ɗora masa ita, shi kuma ba shi da hanyar rabuwa da ita sai ya kasa kunne ya kama wani ɗan'uwansa ya miƙa masa, wanda kuwa lokacin hisabi ya riske shi da ita a hannu shi zai sha horo. Ku dubi illar wannan dabara: an mai da yaro ɗan leƙen asirin abokinsa, an kuma cusa masa cewa harshen da uwarsa ta rarrashe shi da shi laifi ne. Dattawan Damagaram da Maraɗi da Tawa waɗanda suka yi lakwal a zamanin Faransawa ba sa bukatar a yi musu sharhin wannan, domin irin wannan alama, wadda ake kira symbole, an rataya ta a makarantun Afirka ta Yamma a wuyan yaran da bakinsu ya suɓuce suka yi harshen gida. Yaran Filamawa ba su rasa mai da martani ba: a 1875 ɗaliban makarantar limamai ta Roeselare, cikinsu da Albrecht Rodenbach, suka ƙi rera waƙar Faransanci a ranar bikin makaranta, daga nan ƙungiyar ɗaliban Filamawa ta samo tushe.

Amma uba talaka ba ya ciyar da iyali da martani. Wanda ya sha wuyar rashin Faransanci a gaban alƙali da mai gida ba zai so ɗansa ya sha irinta ba, don haka a Burusel al'amarin ya riƙa tafiya hawa uku: kaka ba ya jin kome sai Filamanci, ɗa yana jin biyu, jika kuwa Faransanci kaɗai, har ya zama ba ya iya hira da kakarsa sai da tafinta. Birnin da kashi 60 na mutanensa ke Filamanci a 1846, da aka yi ƙidaya a 1947 sai ga shi kimanin kashi 70 na mazaunansa da kewayensa Faransanci ne harshen da suka fi amfani da shi. Ba korar kowa aka yi ba. Zuriyar nan ce dai ta sake baki, shi ya sa har yau za ka ga Baburusele mai suna na Filamawa tsantsa wanda ba ya iya haɗa jumla da harshen da sunan ya fito.

A ganina kuskure ne a ɗora wa Faransanci laifi, domin harshe ne mai yalwar ilmi da fasaha, ya kuwa buɗe wa Filamawa ƙofofin da ba su da iyaka. Maurice Maeterlinck, haifaffen Gent, da shi ya rubuta littattafan da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 1911. Emile Verhaeren, wanda ya tashi a bakin kogin Schelde, da shi ya wasa ƙasarsa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne tilas ta gefe ɗaya, a ce na ƙasa sai ya koyi harshen na sama kafin a saurare shi, na sama kuwa ba ya ganin wajibcin ya koyi ko gaisuwa. Kuma hikimar Allah, mutumin da ake ce wa shi ya koya wa Filamawa karatu, Hendrik Conscience, wanda ya wallafa labarin Zakin Filamawa da Holanci a 1838, ubansa Bafaranshe ne.

Gyara ya zo ne a hankali, kowane taki sai da gumi. A 1860 aka fille kan Filamawa biyu, Jan Coucke da Pieter Goethals, a Charleroi, bisa tuhumar kisan wata gwauruwa, bayan shari'ar da aka yi da Faransanci. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko suna da hannu da kuma iyakar Faransancin da suke ji, amma a zukatan jama'a sun zama misalin wanda aka yanke wa hukunci da harshen da ba nasa ba. Ƙissarsu da ta Schoep suka taimaka aka kafa dokar 1873 wadda ta ba Holanci wuri a kotunan laifi na lardunan Filamawa, sai ta 1878 a kan ofisoshi, sai ta 1883 a kan makarantun sakandare na gwamnati. Da aka faɗaɗa ƙuri'a ta kai ga kowane namiji a 1893, 'yan siyasa suka ga dole su yi magana da harshen mai ƙuri'a, a 1898 aka daidaita harsunan biyu wajen kafa dokoki. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Filamawa a ramukan bakin kogin IJzer suka yi ta ƙorafin hafsoshin da ba sa jin harshensu. Jami'ar Gent ta koma Holanci a 1930, watau shekara 100 cif bayan 'yancin kai kafin Bafilame ya iya yin karatun jami'a dukkansa da harshensa a ƙasarsa. Nassin kundin tsarin mulki na Holanci kuwa bai sami cikakken ƙarfin doka ba sai 1967.

Daga nan sai aka koma rabon gado. Da yake duk ƙidaya takan nuna Faransanci ya ƙara cin wasu ƙauyukan gefen Burusel, Filamawa suka ƙi yarda a sake tambayar harshe a ƙidaya, aka soke ta a 1961, aka kafe iyakar harshe da doka a 1962 da 1963, Burusel mai gundumomi 19 ta zama ta harshe biyu. A 1968 rikici ya tashi a jami'ar Leuven, wadda aka kafa tun 1425, ɗaliban Filamawa suka fito titi suna neman sashen Faransanci ya bar garin, har gwamnati ta faɗi. Aka gina wa masu Faransanci sabon gari sukutum a kudu da iyaka, Louvain-la-Neuve, aka kuma raba babban ɗakin karatu, littattafai masu yawa bisa lambar da ke jikinsu, mai lamba mara ta tsaya, mai lamba cika ta tafi. Duk mai ƙaunar littafi zai ji zafin wannan, ko da ya san dalilin da ya kai mutane ga haka.

Kafin wannan lokaci kuwa arziki ya riga ya juya. Ramukan kwal na kudu suka yi ta rufewa har na ƙarshe a 1984, tashar jiragen ruwa ta Antwerpen da sababbin masana'antu suka ɗaga arewa, a 1993 Beljiyam ta zama tarayya. Yaron Bafilame na yau yana fara Faransanci a aji biyar na firamare, a matsayin darasi cikin darussa, babu alama a wuyansa, kuma sau da yawa Ingilishi ya fi masa sauƙi a baki. Bambancin da yake lura da shi ya koma na maƙwabta, kowa da jaridunsa da talabijinsa da jam'iyyunsa, har ana iya samun mawaƙin da ya cika arewa da suna a kudu ba a san shi ba. A Burusel ma iyaye masu Faransanci da yawa suna neman wa 'ya'yansu gurbi a makarantun Holanci, domin aikin kirki yana son mai harshe biyu.

Shekarun cuɗanya sun bar tabo a bakin kowa. Bafilame yana godiya da merci, kekensa velo ne, abin da ya dame shi ambetant. Mai Faransancin Burusel kuwa in zai miƙa maka canji sai ya ce s'il vous plaît, abin da ke ba Bafaranshen Faris mamaki domin a wurinsa kalmar roƙo ce, alhali fassarar alstublieft ce ta Holanci wadda ake faɗi wajen roƙo da wajen miƙawa duka. Ɗakin ɗalibi kot yake ce masa, ruwan sama mai ƙarfi drache, shugaban gunduma bourgmestre, dukkansu daga arewa suka gangaro.

A ofishin gundumar Molenbeek yau, uban da ya zo shaida haihuwa yana da haƙƙin a rubuta masa takarda da Faransanci ko da Holanci, wanda ya zaɓa. Da yawa daga cikin masu zuwa gaban teburin 'ya'ya ne da jikokin ma'aikatan Maroko waɗanda suka fara isowa bayan yarjejeniyar ƙwadago ta 1964, a gida ana jin Larabci ko harshen Berber, kuma mafi yawansu Faransanci suke zaɓa.